Gudun famfalaƙi na Boston: hanyar tana nan yadda take, ƙofar shiga ce ake ta sauya wa makulli

Duk Litinin ta uku a watan Afrilu, da hantsi a gabashin Amurka, wato bayan azahar agogon Najeriya da Nijar, mutum kusan 30,000 kan yi cincirindo a wani ƙaramin gari mai suna Hopkinton a jihar Massachusetts. Daga nan za su zuba da gudu, su ratsa Ashland da Framingham da Natick da Wellesley da Newton da Brookline, sai sun dangana da titin Boylston a tsakiyar birnin Boston. Kilomita 42 da mita 195 ke nan, kusan tazarar Kano zuwa Wudil. Zakarun cikinsu kan gama cikin awa biyu da 'yan mintoci, ta yadda mai kallo daga nan gida, in ya ga tashinsu, yana idar da la'asar zai tarar ana shirin ɗora wa wani rawanin ganyen zaitun.

Wannan ita ce gasar gudun famfalaƙi ta shekara-shekara mafi daɗewa a duniya, wanda wasu ke kira gudun ya da ƙanin wani. Akwai irinta a Landan da Berlin da New York da Tokyo, wasu ma sun fi ta yawan jama'a, wasu sun fi ta saurin hanya. Abin da ya bambanta ta shi ne ba ka shigarta don kawai kana da kuɗin rajista da sha'awa. Kuma in aka bi tarihinta a tsanake, za a ga kusan duk rigimar da aka taɓa yi a kanta, rigimar bakin ƙofa ce: wa zai shiga, wa za a hana, wa ya shigo ta katanga.

Tushen abin yana Girka. Akwai tsohon labarin da ake bayarwa na wani manzo da ya sheƙo da gudu daga filin yaƙin Marathon zuwa birnin Atina a shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa, ya isar da albishir ɗin an ci Farisawa da yaƙi, ya yanke jiki ya faɗi matacce. Masana tarihi suna da ja a kan labarin, amma daɗinsa ya sa da aka tashi farfaɗo da wasannin Olamfik a 1896, wani masanin harshe Bafaranshe, Michel Bréal, ya ba da shawarar a yi tsere a kan wannan hanya. Aka yi, wani Bagirke mai suna Spyridon Louis ya cinye. Cikin 'yan kallo har da John Graham, jami'in Ƙungiyar Wasanni ta Boston, wadda ake taƙaita sunanta da BAA, wanda ya jagoranci 'yan wasan Amurka zuwa can. Ya koma gida da abin a ransa.

Ranar 19 ga Afrilun 1897 mutum 15 suka tsaya a Ashland aka ba su alamar tashi. Goma ne suka kai ƙarshe. John McDermott, ɗan New York, shi ya zo na ɗaya cikin awa 2 da minti 55 da daƙiƙa 10, a tazarar da ba ta cika kilomita 40 ba. A riƙe wannan lokaci nasa, za mu dawo kansa.

Su waɗannan mita 195 da ke maƙale a bayan 42, Ingila ce ta haifar da su. A Olamfik ɗin Landan na 1908 an shata hanyar daga fadar Windsor zuwa filin wasa na White City, aka auna ta zo mil 26 da yadi 385. A 1921 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta tsayar da wannan a matsayin ma'auni, shi ya sa a 1924 Boston ta ja layin tashinta baya zuwa Hopkinton. Ranar kuwa hutun jiha ce ta tunawa da artabun Lexington da Concord na 1775, inda yaƙin neman 'yancin Amurka ya soma. Da ana yi ne ranar 19 ga wata, sai a 1969 aka mayar da hutun Litinin ta uku. Yaƙe-yaƙen duniya guda biyu ba su tsayar da gasar ba, illa a 1918 da aka mai da ita tseren miƙa sanda na sojoji. Sai annobar korona ce ta hana taruwa a 2020, a 2021 kuma aka ɗage ta zuwa Oktoba.

To, ita kanta hanyar fa? A takarda sai ka ce banza ta faɗi, domin Hopkinton ya fi Boston tudu da sama da mita 130. Gangare ne tun daga tashi. Nan ne tarkon yake. Mai gudu ya taso da ƙarfinsa, ga gangara, ga ihun jama'a, sai ƙafa ta riƙa ɗaukarsa fiye da yadda ya tsara. Alhali gudu a gangare yana cin naman cinya ta gaba a ɓoye, saboda kowane taku sai tsokar ta yi aikin birki tana miƙewa tana ɗauke da nauyin jiki. Ba a jin ɓarnar a lokacin. A tsakiyar hanya kuma ga ɗaliban kwalejin mata ta Wellesley sun jeru a bakin titi suna sowa da ake jiyowa tun daga nesa, mutum ya ƙara jin kansa wani ingarma. Sai an wuce kilomita 25, an shiga Newton, sannan hanya ta juya ta soma hawa. Tuddai huɗu ne a jere, na ƙarshe yana wajen kilomita 33.

A daidai wannan zango ne kuma jiki ke cinye sukarin da ya adana a tsoka da hanta, wanda ba ya wuce abin da zai kai mutum kilomita talatin da 'yan kai. Daga nan sai jiki ya koma ƙona kitse, shi kuwa kitse a hankali yake ba da wuta, kamar ɗanyen itace. Masu gudu na kiran wannan hali cin karo da bango. Tudun ƙarshen nan bai kai tsayin mita 30 ba, da safe da ƙarfinka ko haki ba zai sa ka ba. Wurin da aka dasa shi ne mugun abu.

Sunansa Heartbreak Hill, wato tudun karayar zuciya, kuma yana da dalili. A 1936 Ellison Brown, wanda ake wa laƙabi da Tarzan, ɗan ƙabilar Narragansett ta 'yan asalin Amurka, ya tsere wa kowa tun daga farko. Johnny Kelley, wanda ya ci gasar 1935, ya yi ta binsa har ya cim masa a tuddan Newton. Da ya zo wuce shi sai ya ɗan dafa masa kafaɗa, irin ta sannu da ƙoƙari. Ashe tsokano tsuliyar dodo ya yi. Brown ya zabura ya sake wuce shi ya cinye gasar, Kelley ya ƙare a na biyar. Wani ɗan jaridar Boston Globe, Jerry Nason, ya rubuta cewa a tudun nan zuciyar Kelley ta karye, suna ya bi wuri. Shi dai Kelley bai yi zuciya ba: sau 61 ya tsaya a layin tashi a rayuwarsa, ya kai ƙarshe sau 58, ya sake cin gasar a 1945.

Mu koma bakin ƙofa. Shekara kusan saba'in babu mace a wannan tsere, kuma ba a ma ɗauki hakan a matsayin abin tattaunawa ba. Dokar wasanni ta Amurka a lokacin ba ta yarda mace ta yi tseren da ya wuce mil ɗaya da rabi ba. A 1966 wata matashiya mai suna Roberta Gibb ta rubuta takardar neman shiga, aka mayar mata da amsa cewa jikin mace ba zai iya wannan tazara ba. Ita kuwa ta riga ta saba gudun da ya fi haka a atisayenta. Ta hau bas daga California ta yi kwanaki a hanya, ranar gasa ta saka gajeren wandon ɗan'uwanta da riga mai hula ta rufe gashinta, ta laɓe a cikin wasu shuke-shuke kusa da layin tashi. Da ayari ya taso ta faɗa tsakiyarsu. Mazan da ke kusa da ita ba su jima ba suka gane mace ce, kuma maimakon su tona ta, sai suka ƙarfafa mata gwiwa har ta cire rigar saman da zafi ya dame ta. Ta gama cikin awa 3 da minti 21 da daƙiƙa 40, gaban kusan kashi biyu cikin uku na mazan.

Amma hoton da duniya ta fi sani na shekarar da ta biyo baya ne. Kathrine Switzer, ɗalibar jami'ar Syracuse, ta cike fom da haruffan farko na sunanta, K. V. Switzer, aka ba ta lamba 261 ba tare da an san mace ce ba. Ba a yi nisa ba sai Jock Semple, ɗaya daga cikin jagororin gasar, ya hango ta daga motar 'yan jarida. Ya diro ya bi ta a guje, ya cafko ta yana ƙoƙarin yage lambar daga rigarta yana daka mata tsawar ta fice masa daga tsere. Saurayinta, wani ƙato mai wasan jifan guduma, ya banke shi da kafaɗa ya yi gefe. Duk a gaban kyamarori. Ta ci gaba ta gama cikin kusan awa 4 da minti 20. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Gibb ma ta yi gudun a ranar, ba lamba, ta kuma riga Switzer isa da kusan awa guda. Ita ba wanda ya cakume ta, don haka babu hoto, don haka aka fi mantawa da ita. Ni a wurina, in ana rabon yabo, nata kason ya kamata ya fi haka.

Sai a 1972 aka buɗe wa mata ƙofa a hukumance. Su takwas suka shiga, su takwas suka gama, Nina Kuscsik ta zo ta ɗaya. A 1975 Bob Hall ya yi hanyar a keken guragu cikin ƙasa da awa uku, Boston ta zama babbar gasa ta farko da ta amince da wannan rukuni. Semple da Switzer daga baya sun shirya har sun zama abokan arziki, kuma a 2017, tana da shekara 70, ta sake yin gudun da lambarta ta 261, daga nan aka jingine lambar ba za a sake ba kowa ba.

Ana buɗe wannan ƙofa, ana tsuke wata. A ƙarshen shekarun 1960 gudun motsa jiki ya zama yayi a Amurka, masu shiga suka haura dubu, titunan ƙauyukan nan kuwa matsattsu ne. Sai a 1970 aka ce duk mai son shiga ya kawo shaidar zai iya gamawa cikin awa huɗu. Manufar a rage cunkoso ne, amma sai dokar ta haifi abin da ba a zata ba. Abin da aka hana mutum shi yake ƙwallafa rai a kai. Samun cancantar shiga Boston ya zama wani kambu mai zaman kansa, malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya su shafe shekaru suna tashin asuba don a rage minti biyar.

Inda abu ya yi daraja kuwa, ba a rasa mai shigowa ta taga. A 1980 wata mata mai suna Rosie Ruiz ta ƙetare layin ƙarshe a matsayin ta ɗaya cikin mata da awa 2 da minti 31 da daƙiƙa 56, lokacin da ya kusa zama mafi sauri da mace ta taɓa yi. Aka ɗora mata rawani. Sai dai ba ta yi kama da wadda ta sha kilomita 42 ba, ba a gan ta a wuraren duba masu wucewa ba, babu ta a hotunan hanya, kuma da aka yi mata tambayoyin da duk mai atisaye ya san amsarsu sai ta kama inda-inda. Ramin ƙarya ƙurarre ne: shaidu suka ce sun ga fitowarta daga cikin 'yan kallo saura kaɗan a kai ƙarshe. Bayan mako guda aka ƙwace kambun aka ba mai shi, Jacqueline Gareau 'yar Kanada, wadda aka riga aka sace mata daɗin ranar. Yau kowane mai gudu yana ɗauke da 'yar na'ura da ke yi masa rajista a duk tabarmar da ya taka a hanya, tsarin da Boston ta soma amfani da shi a 1996.

Sai batun kuɗi, wanda a ganina shi ne ya fi komai sauya fuskar gasar. Kusan shekara casa'in ladan wanda ya ci Boston bai wuce rawanin ganye da lambar yabo da kwanon farfesun naman sa ba. Shugabannin BAA suna alfahari da cewa su wasa don wasa suke yi. Amma a farkon shekarun 1980 wasu biranen suka fara biya, manyan 'yan gudu suka juya wa Boston baya. Kowa ya san ba a tallar tsohon suna a ci abinci. A 1986 aka sauko daga dokin naƙi, kamfanin inshora na John Hancock ya ɗauki nauyin gasar, Rob de Castella ɗan Ostareliya ya zo ya yi awa 2 da minti 7 da daƙiƙa 51, ya tafi da kuɗi da mota Marsandi. A 'yan shekarun nan wanda ya zo na ɗaya, mace ko namiji, dala 150,000 yake karɓa, kuma tun 2024 Bank of America ne ke ɗaukar nauyi.

Shekara biyu kacal da fara biyan kuɗi Afirka ta iso. Ba wai ba a taɓa zuwa ba. Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci zinare a Olamfik ɗin Rum a 1960 ba takalmi, ya gwada Boston a 1963, tuddan Newton suka tauna shi ya ƙare a na biyar. Amma a 1988 Ibrahim Hussein na Kenya da Juma Ikangaa na Tanzaniya suka shigo titin Boylston kafaɗa da kafaɗa, bayan sun yi awa biyu suna jan juna. Saura 'yan mitoci Hussein ya fizga, ya riga shi da daƙiƙa ɗaya tak. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya ci gasar. Abebe Mekonnen na Habasha ya karɓa a 1989, daga 1991 zuwa 2000 kuwa 'yan Kenya suka yi shekara goma a jere ba su saki kambun maza ba. A ɓangaren mata Fatuma Roba ta Habasha ta ci sau uku a jere daga 1997, Catherine Ndereba ta Kenya ta ci sau huɗu.

Ana yawan cewa ai baiwa ce kawai. Akwai baiwa, amma akwai ƙasa da tsari. Garuruwa irin su Iten da Eldoret a Kenya da Bekoji a Habasha suna saman tsauni ne, mita 2,000 zuwa sama, inda iska ba ta da kauri, jikin wanda ya tashi a wurin ya saba aiki da iskar shaƙa kaɗan. Ga sansanonin atisaye da ake fita rukuni-rukuni tun duku-duku, ga kociyoyi da dillalan da ke nemo wa yaro gasa a Turai da Amurka. Uwa uba, yaro yana ganin maƙwabcinsa ya tafi da takalmi ɗaya ya dawo ya sayi gona ya gina gida. Wesley Korir ya ci Boston a 2012, shekara na zagayowa ya zama ɗan majalisar dokokin Kenya, a 2025 kuma ƙaninsa John Korir ya ci. Ko a gudun famfalaƙi na Legas da aka fara a 2016, 'yan Kenya da Habasha ne ke kwashe manyan kyaututtuka, a cikin 'yan gida kuwa 'yan Filato ne aka fi gani a gaba, kuma ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san tsaunukan Pankshin.

Kuɗin da ya jawo gwanaye shi ya jawo allura. Rita Jeptoo ta Kenya ta ci gasar 2014, daga baya aka kama ta da sinadarin EPO mai ƙara jajayen ƙwayoyin jini, aka soke nasarar aka ba Buzunesh Deba ta Habasha. Suna ya dawo wa Deba, amma kuɗin ya riga ya tafi, ta yi shekaru tana jira, har sai da wani ɗan kasuwa ya ji labarin a 2024 ya biya ta daga aljihunsa. Wadda ta zo ta ɗaya a 2021, Diana Kipyokei, ita ma haka aka yi da ita, kambun ya koma hannun Edna Kiplagat. Tsohuwar matsalar Gareau ce a sabuwar riga: a yi wa wani tafi a titi, a aiko wa mai gaskiya da takarda daga baya.

Ranar 15 ga Afrilun 2013, da ƙarfe 2:49 na rana, zakaru sun daɗe da gamawa, lokacin talakawan masu gudu ne ke ta isowa iyalansu na jiransu a bakin shinge, bama-bamai biyu da aka haɗa a tukwanen girki suka tashi a titin Boylston. Mutum uku suka mutu, ciki har da yaro ɗan shekara 8, fiye da 260 suka jikkata, wasu suka rasa ƙafafu. Wasu 'yan'uwa biyu, Tamerlan da Dzhokhar Tsarnaev, su suka aikata. Lelisa Desisa na Habasha da ya ci gasar a ranar ya dawo Boston ya miƙa wa birnin lambar yabonsa. Da shekara ta zagayo aka ƙara yawan masu shiga maimakon a rage, sai dai da bincike mai tsanani da takunkumi kan jakunkuna, kuma tsohuwar al'adar nan ta masu faɗowa cikin ayari ba lamba, wadda Gibb ta bi ta kafa tarihi, aka sa mata ido sosai. Wanda ya ci a 2014 shi ne Meb Keflezighi, haifaffen Eritiriya da ya zo Amurka yana yaro ɗan gudun hijira. Ya rubuta sunayen mamatan a jikin lambarsa, kuma shi ne Ba'amurke namiji na farko da ya ci tun 1983.

Duk wannan sauye-sauye, hanyar ba ta daina wulaƙanta lissafi ba. A 2018 aka wayi gari da ruwan sama mai sanyin ƙanƙara da iska tana bugun fuska, manyan gwanaye suka yi ta zubewa, Yuki Kawauchi, ma'aikacin ofis a wata makarantar gwamnati a Japan, ya ci ɓangaren maza, Des Linden ta Amurka ta ci na mata. A 2023 Eliud Kipchoge da kansa, mai riƙe da tarihin duniya a lokacin, ya zo ya ja ayari har Newton, daga nan ƙafa ta ƙi, ya ƙare a na shida. Ranar da iska ta juya ta biyo bayan masu gudu kuwa, sai a ga abin al'ajabi. A 2011 Geoffrey Mutai ya yi awa 2 da minti 3 da daƙiƙa 2, wato kamar ya zagaye filin ƙwallo mai mita 400 sau 105, kowane zagaye cikin daƙiƙa 70. Ya fi tarihin Haile Gebrselassie sauri da kusan minti guda, amma aka ƙi rubuta masa. Ƙa'ida ta ce hanyar kafa tarihi kada gangarenta ya wuce mita ɗaya a kowace kilomita, kada kuma tazarar wurin tashi da wurin gamawa ta wuce rabin tsawon tseren, don kada iska ta tura mutum tun daga farko har ƙarshe. Boston ta faɗi duka biyun.

Yanzu ƙofar ta yi ƙunci sosai. In ka cire 'yan dubban da ke shiga ta hanyar tara wa ƙungiyoyin agaji kuɗi, saura sai da lokaci. Kuma cika sharaɗin ma bai isa ba, domin in masu nema suka fi gurabe yawa, daga mafi sauri ake ɗauka. A gasar 2025 sai wanda ya fi ma'aunin shekarunsa sauri da minti 6 da daƙiƙa 51 ya samu shiga, aka mayar da mutum fiye da 12,000 da suka cancanta a takarda. Daga gasar 2026 aka ƙara tsuke ma'aunin: namiji ɗan shekara 18 zuwa 34 sai ya yi awa 2 da minti 55, mace awa 3 da minti 25. Ma'ana McDermott, wanda ya ci gasar farko a hanyar da ta fi ta yau gajarta, da yau ne ko fom ba zai cike ba, ya makara da daƙiƙa goma.

Masu nema kuwa sun gano dabara: su je su yi gasar da ake gangarowa daga saman dutse, su samo lokaci mai kyau su kawo. BAA ta lura, ta sanar da cewa daga rajistar 2027 duk wanda ya kawo lokaci daga hanya mai gangare sosai za a ƙara masa minti biyar ko goma a kai, in gangaren ya yi yawa ma a ƙi karɓa ɗungurungum. Gasar da duniya ta ƙi amincewa da lokacin Mutai saboda gangarenta, ita ce yau ke tsaye a bakin ƙofa da ma'auni tana duba gangaren wasu.